KARATUN NAZARIN LAIFUFFUKA DA AIKIN ƊAN SANDA A JAMI'A

Idan aka tara ɗaliban makarantar nan aka tambayi kowa abin da yake so ya zama bayan ya gama karatu, na tabbata mafi yawa za su ce likita, ko injiniya, ko lauya, ko akanta. Da wuya a ji wanda zai ɗaga hannu ya ce shi ɗan sanda yake so ya zama. In ma an sami mai ƙarfin halin da ya faɗa, to, sai an yi masa dariya, wani ma ya ce, "Kai kuwa duk ƙoƙarin nan naka a aji, a bakin titi za ka ƙare?" Amma abin mamaki, mu ɗin nan masu dariya, ranar da aka fasa shagon mahaifin ɗayanmu, ko aka ƙwace wa yayarsa waya, ba asibiti muke nufa ba, caji ofis muke zuwa. Idan muka tarar aikin bai tafi yadda muke so ba, sai mu dawo muna ƙorafi. Wato mun hana aikin masu ƙwazonmu, sa'an nan kuma muna kukan ba a iya shi ba.

Ni dai ina cikin waɗanda suka yi niyyar karanta ilmin nazarin laifuffuka in Allah ya kai mu jami'a. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin abin da na fahimta game da shi: mene ne shi, me ake koyarwa a cikinsa, ta wace hanya ake shigarsa, kuma ina yake kai mutum. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, aikin tsaro aikin ƙwaƙwalwa ne kafin ya zama na ƙarfi. Kulki yana iya fasa kan mutum, amma ba ya iya gano wanda ya yi sata.

MENE NE WANNAN ILMI?

Ilmin nazarin laifuffuka, wanda Turawa ke kira kiriminoloji, ilmi ne da ke ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Ta farko, me ya sa al'umma take ɗaukar wani aiki laifi, har ta kafa doka a kansa? Ta biyu, me ke sa mutane su karya dokar? Ta uku, me ake yi wa wanda ya karya, kuma abin da ake yi masa ɗin yana magani ko kuwa ƙara ɓata shi yake yi? A nan ya bambanta da karatun lauya. Lauya yana duba abin da doka ta ce game da wannan mutum da ke tsaye gaban alƙali. Shi kuwa masanin laifuffuka tambayarsa ita ce, me ya sa samarin unguwa kaza suke ta zuwa gaban alƙali, alhali na unguwar da ke maƙwabtaka da su ba sa zuwa?

Ilmin ba sabo ba ne. A shekarar 1764 wani mutumin Italiya mai suna Cesare Beccaria ya rubuta ɗan littafi a kan laifi da hukunci. A zamaninsa ana azabtar da wanda ake tuhuma har sai ya amsa laifi, ana kuma kashe mutane a kan ƙananan abubuwa. Beccaria ya nuna cewa azaba ba ta fitar da gaskiya, domin mai ƙarfin jiki zai daure ko da shi ya yi, marar ƙarfi kuwa zai amsa ko da bai yi ba. Ya kuma ce abin da ke hana mutum laifi ba tsananin hukunci ba ne, a'a, tabbacin cewa za a kama shi ne, kuma a hukunta shi ba da jinkiri ba. Mu ɗalibai mun san gaskiyar wannan. Malamin da ke barazanar kora amma ba ya kiran suna, ba shi ake tsoro ba. Wanda ake kiyaya shi ne wanda kullum sai ya kira suna, ko da horonsa shara ce kawai.

Bayan shi, a 1876, wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya fito da ra'ayin cewa akwai mutanen da aka haifa masu laifi, har ana iya gane su ta siffar kai da muƙamuƙi da kunne. Wannan magana ta karɓu na wani lokaci. Amma a 1913 wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, ya buga sakamakon awon da aka yi wa fursunoni kimanin 3,000, aka gwada su da mutanen da ba fursunoni ba, ya nuna babu wata siffa ta musamman da ta keɓanta da masu laifi. Ashe ke nan maganar da mukan ji a kasuwa, wai "daga ganin idonsa ɓarawo ne", an gwada ta fiye da shekara 100 da suka wuce, ta faɗi. Wannan shi ne amfanin ilmi: ba ya barin zato ya zauna a kujerar hujja.

Daga nan sai masana suka mai da hankali ga zaman jama'a. Edwin Sutherland na Amurka ya nuna cewa laifi koyonsa ake yi, kamar yadda ake koyon kowace sana'a, a wurin abokai da waɗanda ake cuɗanya da su. Bahaushe ya riga ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ne kuma a 1939 ya jawo hankalin duniya ga laifuffukan manya masu zaman ofis, waɗanda ke sata da alƙalami, ɓarnarsu kuwa ta fi ta mai haura katanga nesa ba kusa ba. A 1979 kuma waɗansu masana biyu, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka ce kafin laifi ya auku sai abubuwa uku sun haɗu a wuri ɗaya: mai niyyar yi, da abin da zai ɗauka, da rashin mai sa ido. In aka cire ɗaya, laifin ya fasu. Mu ɗauki misalin satar sabulu da takalma a ɗakin kwanan ɗalibai. Ba za mu iya shiga zuciyar kowa mu wanke ta ba, amma muna iya sa kwaɗo a akwati, mu kuma hana kowa zama a ɗaki lokacin da aka fita taro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

DAGA DOGARI ZUWA ƊAN SANDA

Duk mai son wannan aiki ya kamata ya san tarihinsa a ƙasarmu, domin a nan zai gane dalilin da ya sa mutane da yawa suke ɗari-ɗari da mai kaki. Kafin zuwan Turawa sarakunan ƙasar Hausa suna da dogarai, su ke kamo mai laifi, su tsare kasuwa, su zartar da hukuncin alƙali. Akwai kuma masu unguwa da dagatai waɗanda suka san kowa, ba baƙon da zai kwana a gari ba da saninsu ba. Ga kuma masu bin sawu, waɗanda kan dubi ƙasa su faɗi inda dabbar da aka sace ta bi.

Aikin ɗan sanda irin na zamani kuwa ya faro ne a Legas a 1861, da wata 'yar runduna ta mutum 30 masu gadin wakilin Ingila. A 1879 aka kafa wata runduna mai ɗauke da makamai wadda aka laƙaba wa sunan Hausawa, saboda yawancin dakarunta masu jin Hausa ne. Kamfanin Turawa mai ciniki a kogin Kwara shi ma ya kafa tasa a 1888, hedkwatarta a Lakwaja. Waɗannan rundunoni ba don talaka aka kafa su ba. An kafa su ne domin su tsare mulkin Turawa da cinikinsu, sau da yawa ma akan kai mutum aiki ƙasar da ba tasa ba, don kada ya ji tausayin mutanen wurin. A 1930 aka haɗa rundunar Arewa da ta Kudu suka zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya. A gefe guda kuma akwai 'yan doka na En'e, waɗanda suka ci gaba da aiki a Arewa har lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, sa'ad da aka narkar da su cikin rundunar tarayya. Ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto Janar shi ne Louis Edet a 1964. Bayansa aka yi Kam Selem daga 1966 zuwa 1975, sai M. D. Yusufu, mutumin Katsina, daga 1975 zuwa 1979.

To, an sami 'yancin kai a 1960, amma ɗabi'ar da aka gada ta kallon jama'a kamar waɗanda za a danne ba ta gushe gaba ɗaya ba. Zanga-zangar da matasa suka yi a watan Oktoba na 2020, wadda ta sa aka rushe sashen SARS, ta nuna inda rashin yarda tsakanin ɗan sanda da jama'a ke iya kaiwa. Ɗan sandan da ba a yarda da shi ba kuwa makaho ne, domin idanunsa su ne mutanen gari. In suka yi gum da bakinsu, ko yana da mota ɗari ba zai san gidan da ɓarayi ke kwana ba. Gyaran wannan ɓaraka yana daga cikin manyan dalilan da suka sa ake koyar da aikin a jami'a. Ba mu muka fara ba. Tun a 1916 wani shugaban 'yan sanda a Amurka, August Vollmer, ya sa aka soma koyar da wannan fanni a Jami'ar Kalifoniya, domin ya ga cewa fareti da harbi kaɗai ba su isa su sa mutum ya iya aikin ba.

ABIN DA AKE KOYARWA

Na farko, ana koyar da ilmin zaman jama'a da na halayyar ɗan Adam, domin a san yadda talauci, da zaman banza, da mutuwar aure, da shaye-shaye, da rashin adalci suke tura mutum ga ɓarna. Ba wai don a wanke mai laifi ba, sai don a san inda za a datse ruwan tun bai kai gari ba. Alal misali, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. Duk gidajen yarin ƙasar nan ba za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi ba. Ashe ke nan kamu kaɗai ba zai yi magani ba, dole a haɗa da rigakafi da jinya.

Na biyu, ana koyar da doka. A Arewa akwai kundin Final Kod da aka kafa a 1959, wanda aka samo tsarinsa daga na Sudan. A Kudu suna da nasu kundin daban. Daga shekarar 2000 kuma jihohi da dama na Arewa, Zamfara ce ta fara, suka kafa kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci. Sai kuma haƙƙin wanda ake tuhuma, abin da ya kamata kowannenmu ya sani ko da ba zai taɓa sa kaki ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, sai fa in tuhumar ta laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗansa ya gudu, ta kuma hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Jami'in da bai san waɗannan ba zai zalunci mutane yana tsammanin aiki yake yi.

Na uku, ana koyar da dabarun bincike. Wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, shi ya shahara da ƙa'idar cewa duk inda mutum ya taɓa sai ya bar wani abu, ya kuma ɗauki wani abu. Bin sawu ke nan irin na kakanninmu, sai dai an ƙara masa na'ura: zanen yatsa, da ɗigon jini, da zaren tufa, yanzu kuma har da sawun da mutum ke bari a waya da intanet da asusun banki. Shi ya sa ake son a killace wurin da aka yi laifi. Idan jama'a suka cika ɗakin da aka yi sata, kowa yana taɓa ƙofa yana jaje, to, sun share sawun ɓarawo da hannunsu.

Bari in kawo wani labari da ya nuna muhimmancin wannan. A 1984 wani masani a Jami'ar Lesta ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano hanyar bambanta mutum da mutum ta ƙwayoyin halittar da ya gada, abin da ake kira gwajin DNA. A yankin nan nasu an kashe 'yan mata biyu, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya kuwa amsa cewa shi ya kashe ta biyun. Da aka kai wa Jeffreys ya gwada, sai ya tarar mutum ɗaya ne ya kashe su duka, amma ba wannan saurayi ba ne. Aka sake shi. Aka gwada mazaje dubbai na yankin, daga baya aka kama ainihin mai laifin, aka ɗaure shi a 1988. Ku duba fa, karon farko da aka yi amfani da wannan ilmi a binciken kisa, kafin ya kama mai laifi sai da ya fara kuɓutar da marar laifi, wanda har ya riga ya amsa da bakinsa. Da an tsaya ga amsawar nan, da an ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, mugun kuwa yana yawo a gari.

Na huɗu, ana koyar da ƙididdiga, wato lissafi. Waɗanda ke shirin shiga wannan fanni don gudun lissafi sai su sake shawara. A 1989 aka buga wani bincike da aka yi a birnin Miniyafolis na Amurka, inda aka duba kiran neman agaji da aka yi wa 'yan sanda cikin shekara guda. Sai aka ga rabin kiran duka ya fito ne daga wurare kimanin 3 cikin 100 na birnin. Ma'ana, laifi ba ya bazuwa daidai wa daida, yana da matattara. Shugaban caji ofis da ya iya rubuta rahoto da lissafi zai san wace kwana, wace rana, da wane lokaci ake ƙwacen waya, sai ya tura mutanensa can, maimakon su yi ta zagaya gari suna ƙona mai. Ana kuma koya wa ɗalibi ya tuna cewa laifuffukan da ke cikin littafin 'yan sanda ba su ke nan ba, akwai masu yawa da ba a kai ƙara ba, saboda kunya, ko tsoro, ko ganin ba abin da za a yi.

Na biyar, ana nazarin gidan yari. A 2019 aka sauya sunan hukumar gidajen yari ta koma ta gyaran hali, dokar kuma ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Amma shekara da shekaru alƙaluman hukumar suna nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Yaron da aka kama da satar kaza, in ya shekara biyu a ɗaki ɗaya da 'yan fashi, me ake tsammani zai koyo? Ga gidajen horon yara irin na Kakuri a Kaduna da na Ilori da na Abekuta, amma sun yi kaɗan. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

HANYOYIN SHIGA

Hanya ta farko ita ce ta jami'a. Ɗalibi yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB da darussan da suka dace, irin su Gwamnati da Tattalin Arziki. Ya kamata kowa ya duba littafin JAMB na shekarar da zai zauna, domin kowace jami'a da nata sharuɗɗan. Karatun shekara huɗu ne. Cikin jami'o'in da ke koyar da shi akwai Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa. Fannin yana da manyan malamai a ƙasar nan. Marigayi Farfesa Femi Odekunle, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma rasu a 2020, shi ake ɗauka farfesan farko na wannan fanni a Nijeriya. Akwai Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos. Haka kuma Janar Abdulrahman Dambazau, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 2008 zuwa 2010, ya kuma riƙe ministan cikin gida daga 2015 zuwa 2019, digirinsa na uku a wannan fanni ya yi shi.

Hanya ta biyu ita ce Makarantar Horon Manyan 'Yan Sanda da ke Wudil a Jihar Kano. An kafa ta a 1988, a 2012 kuma aka ɗaga ta zuwa matsayin jami'a. Ita ma ta JAMB ake shiga, amma akwai ƙarin tantancewa: shekaru, da tsawo, da lafiyar jiki, da hali. Ana shekara biyar, ana haɗa karatun digiri da horon aiki, wanda ya gama kuma yana fita da muƙamin Mataimakin Sufurtanda, wato ASP. A can ba fanni ɗaya kawai ake karantawa ba, akwai doka, da kimiyya, da ilmin zaman jama'a, da sauransu, domin rundunar tana bukatar kowane irin ilmi.

Hanya ta uku ita ce mutum ya shiga a kurtu da takardar sakandare, ya yi horo a kwalejin 'yan sanda irin ta Kaduna, daga baya ya nemi izini ya ƙaro karatu yana cikin aiki. Hanyar tana da tsawo, amma mai haƙuri yakan dafa dutse.

A nan dole in ja kunnen 'yan'uwana. Digirin jami'a ba kaki ba ne. Wanda ya gama a jami'ar da ba Wudil ba, bayan hidimar ƙasa sai ya jira an buɗe ɗaukar ma'aikata, ya nema kamar kowa, ba kuwa kowace shekara ake buɗewa ba. Kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samar da gurbi, a guje shi, domin wanda ya sayi aiki da cin hanci, da cin hanci zai nemi mai da kuɗinsa. Haka nan wannan digiri ba ya mai da mutum lauya. Wanda kuma ke sha'awar aikin ɗakin gwaji, na jini da guba da ƙwayoyi, gara ya riƙe darussan kimiyya da kyau.

INA AKE AIKI?

Ba rundunar 'yan sanda kaɗai ba. Akwai hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989. Akwai ICPC ta 2000 da EFCC ta 2003, masu binciken cin hanci da zambar kuɗi. Akwai NAPTIP ta 2003 mai yaƙi da fataucin mutane. Ga Kwastan, da Shige da Fice, da Sibil Difens, da hukumar kiyaye haɗurra, da gidajen gyaran hali. Bankuna da kamfanoni suna ɗaukar masu binciken zamba da masu tsara tsaro. Ƙungiyoyin agaji suna bukatar masu aiki da yara da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Wanda kuma Allah ya hore wa son karatu yana iya zarcewa ya zama malamin jami'a.

Ga 'yan'uwana mata ina da magana ta musamman. Tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya, amma har yanzu a wurarenmu ana ganin kamar aikin maza ne. Alhali doka ta tanadi cewa mace ce za ta caje mace. A ƙasar da gidaje da yawa ba a shiga, wa zai shiga ya ji ta bakin matan gida? Yarinyar da aka ci wa zarafi, wa za ta iya buɗe baki ta gaya wa in ba 'yar'uwarta mace ba? Sau da yawa irin wannan ƙara takan mutu tun a ƙofar caji ofis, don kawai ba a sami wadda za ta saurara ba.

WAHALAR DA KE CIKI

Ba zan ɓoye ba, aikin nan ba shimfiɗar hutu ba ce. Ana iya tura mutum kowace jiha, ranar Salla yana bakin aiki, dare da rana ba nasa ba ne. Albashin ba ya sa mutum ya yi arziki. Akwai haɗari na gaske, jami'ai da yawa sun rasa rayukansu a hannun 'yan fashin daji da masu tayar da ƙayar baya. Amma jarrabawar da ta fi kowace tsanani ita ce ta zuciya. Wata rana mai kuɗi zai zo da ambulan, wata rana babban mutum zai bugo waya ya ce a saki wane, wata rana ɗan'uwanka ne za a kawo gabanka. Jami'a tana iya koya wa mutum doka, amma ba ta iya dasa masa gaskiya da riƙon amana. Wannan daga gida ake zuwa da shi, kuma tun a nan makaranta ake gwada shi. Ɗalibin da aka ba shugabanci, in yana rubuta sunan wanda ba ya shiri da shi yana ƙyale abokinsa, to, ya fara nuna irin jami'in da zai zama.

Saboda haka mai wannan niyya sai ya fara shiri tun yanzu. Ya gyara Turancinsa da Hausarsa, domin rahoton da aka rubuta a birkice yana kashe shari'a. Ya riƙe lissafi, ya koyi kwamfuta, ya motsa jiki, ya nisanci ƙwaya da ƙungiyar banza, don tabon da aka yi a ƙuruciya yana iya rufe wa mutum ƙofa ranar tantancewa. Ya koyi sauraro kuma, ya saba wa kansa tambayar nan: mene ne hujjata?

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu da malamanmu su daina ganin wannan aiki kamar na wanda ya rasa abin yi. Manomi ba ya zuwa gona sai da tsaro, ɗan kasuwa ba ya buɗe shago sai da shi, mu ma ba ma zama a aji sai da shi. Ana cewa kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To, amma ranar nan ɗaya ba ta zuwa da kanta, sai an sami wanda ya san yadda zai bi sawu har ya kai ga mai laifi, ba tare da ya taka marar laifi a hanya ba. Irin waɗannan mutane kuwa daga azuzuwa irin namu za su fito. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.